Iya Allura a Bakin Tafki

Duk wanda ya tashi a Pilsen, unguwarmu ta 'yan Bohemiya a Chicago, ya san Ludmila Hruby, telar da ba ta taɓa tef ɗin awo. In kin kai mata ɗinki, zare take tsinkowa ta gwada ki da shi ta ƙulla, kuma duk tsawon awon idonta na kan fuskarki ƙur, har ki tsargu ki fara shafa hanci ko baƙin tukunya ne ya shafe ki. Mata suna cewa tsufa ne. Ba wani tsufa. Da ƙarfinta ta fara, kuma da dalili.

Tana ƙwaila aka sauke ta daga jirgin ruwa, da ƙullin kaya a hannu da sunan kawunta rataye a wuya. Kafin ta iya gaisuwa da Turanci ta iya huda gidan maɓalli a masana'antar kwat, kai a sunkuye daga safe har yamma. Ta auri Matej, mai haɗa gangunan katako a kamfanin giya, mutum mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Sun haifi 'ya'ya, amma ɗaya ce ta rayu, Vlasta. A ƙarƙashin teburin ɗinki yarinyar ta yi rarrafe, a nan kuma wata rana ta jawo dutsen guga da zafinsa, bakinsa ya sauka mata a gwiwar hagu. Tabon ya zauna, ɗan ƙarami mai tsini. Ludmila ta yi shekaru tana sumbatar wurin in ta gama yi mata wanka.

Sai aka hana giya a ƙasar baki ɗaya. Manya a can sama suka sa hannu a takarda, kamfanin su Matej ya rufe. Ba wai an daina sha ba, kar ma ku soma. Masu hali sun ci gaba da sha a ƙarƙashin ƙasa da kiɗan jaz, a kofin shayi don kunyar idon 'yan sanda. Mai haɗa ganga ne kawai ya rasa abin yi. Matej ya koma zama a bakin taga yana buga wa 'yan gida da maƙwabta ƙasan takalmi, don dai hannunsa kada ya mutu.

Vlasta kuwa ta zama budurwa a daidai lokacin da 'yammatan Amurka suka ce sun gaji. Sun yanke gashi iya kunne, sun jefar da ɗamarar da ke matse ciki, sun naɗe safa ƙasan gwiwa, suna shafa jan-baki a cikin taragon titi a gaban kowa. Ita Vlasta ba ta yanke nata ba, don uwarta ta rantse ranar da almakashi ya taɓa kitson nan ranar za a ɗauki gawarta. Tana aiki a ofishin tarho tana haɗa layi, ta dawo gida ta ci miyar kabeji, ta wanke kwano tana karkaɗa ƙafa da waƙar da ba ta coci ba.

"Tsaya da ƙafar nan, kamar mai farfaɗiya," in ji uwar.

"Haba Mama, rawa ce. Zo in koya miki, ko Baba zai sake kallonki."

"Mara kunya! Matej, kana jin 'yarka?"

Matej ya ce yana ji, kuma shi ma zai so ya gani.

A bazarar 1922 ɗinki ya yi ƙasa, don rigar da ake yayi yanzu ba ta wuce buhu mai hannu ba, kowa na iya sayen ta a kanti. A lokacin ne wata da Ludmila ke yi wa ɗinki ta haɗa ta da Madam Prouty, shugabar wani kwamitin matan gyaran ɗabi'a. Irin matan nan ne da ba su taɓa wanke cokali da hannunsu ba, amma gwiwar 'yar wani tana hana su barci. Kwamitin ya samu izinin tsare mutuncin wani bakin tafki a arewacin gari, kuma yana neman tela.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Daga gwiwa zuwa bakin rigar wanka kada ya wuce inci shida. Ɗan sanda zai tattaro waɗanda aka zarga ya jera su a kan yashi. Tela za ta durƙusa ta auna. Wadda tata ta gaza, ko dai a kai ta caji ofis a bayan mota, ko ta tsaya a nan a gaban jama'a a ɗinka mata ƙyallen baƙin yadi a bakin rigar. Yawanci ƙyallen suke zaɓa.

Ludmila ta karɓa, don tukunya ba ta jira. Amma ta kasa faɗa a gida. Mutanenmu ba sa ƙaunar mai saka wa wani ido a madadin hukuma, sun ga irin su a tsohuwar ƙasa sun ƙoshi. Sai ta ce ta samu ɗinkin labule a gidan wasu attajirai, har da Lahadi. Takan fita da ɗankwalinta, in ta sauka daga tarago ta shiga ɗakin canza kaya ta ɗora wata ƙatuwar malfa mai faɗi kamar faifai, ta maƙala lambar kwamiti a ƙirji.

Tun ranar farko ta yi wa kanta doka: ba za ta kalli fuskar kowa ba. Idonta daga bakin riga zuwa ƙasa. Da haka take iya cin abinci in ta koma gida. Gwiwoyi kawai ta sani, masu kauri da sirara, masu hoda, har da waɗanda aka zana wa fure da fenti don tsokana. 'Yammatan suka sa mata suna Iya Allura. Da sun hango malfar sai ka ji ihu:

"Ga Iya Allura nan! A ja riga ƙasa!"

"Iya, ki auna ta saurayina ma, tasa ta fi tawa gajarta!"

Ba ta tankawa. Amma tana da wata dabara da ko Madam Prouty ba ta sani ba. In ta dafa gwiwa ta ji tana rawa, ta san yarinyar ba 'yar duniya ba ce, tsoron gida take ji. Sai ta ɗora babban yatsanta a kan tef ɗin ta haɗiye inci guda, ta ce, "Daidai." Yarinya ta ruga ruwa ba ko waiwaye. Da wannan yatsan Ludmila take lallashin zuciyarta cewa ita ba muguwa ba ce.

Wata Lahadi a watan Yuli zafi ya kori rabin gari zuwa tafki. Da safe Vlasta ta ce an sa ta aikin Lahadi a ofis, uwar ta ce ita ma labule na jiranta, suka rabu a bakin titi kowa da ƙaryarta. A ranar ce Madam Prouty ta gayyato mai ɗaukar hoto daga jarida, don duniya ta ga aikin kwamiti. Ta zo da farar safar hannu da lema, ta tsaya a kan Ludmila kamar za ta hau bayanta.

Ɗan sanda ya jero 'yammata. Maza suka kewaye su suna fito. Ludmila ta bi layi a durƙushe, tana jan kwandon ɗinkinta a yashi, ta auna, ta faɗa, ta matsa. Ta iso ta ƙarshe, jar riga ta ulu, sabuwa dal, ƙafafu a jiƙe. Ta kama gwiwar hagu don ta ɗora tef, sai ga tabo ɗan ƙarami mai tsini.

Ba ta ɗaga kai ba. Malfar ta rufe ta, amma hannuwanta suna waje, kuma wace 'ya ce ba ta san hannun uwarta ba? Gwiwar ta fara rawa a tafinta.

Ta dubi tef. Abin da rigar ta gaza bai kai inci guda ba. Yatsa kawai za ta ɗora, kamar yadda ta yi wa 'ya'yan mutanen da ba ta sani ba tun farkon bazara. Yatsan ma har ya motsa da kansa. Amma wani abu ya taso mata daga ciki, zafi ƙuna: aikin Lahadi, ko? Tsirara a gaban ƙartin gari, ita kuwa tana jan gwiwa a yashi don a ci abinci a gida? Da kunyar an kama ta da haushin ta kama 'yarta suka cakuɗe, ta rasa wanne ne wanne. Ta janye yatsan.

"Ta gaza," ta faɗa da ƙarfi.

Daga sama wata 'yar murya ta sauko, da harshen gida, ba da Turanci ba. "Mama?"

Ludmila ta zaro baƙin ƙyalle daga kwando, ta lashi zare. Da Turanci ta amsa. "Tsaya daidai, 'yammata, kar allura ta soke ki."

Madam Prouty ta sunkuyo da lemarta. "Me ta ce? Madam Hruby, kin san ta ne?"

Ga mai hoto ya saita akwatinsa, ga ɗan sanda, ga aikin da ke riƙe da gida.

"A'a, ranki ya daɗe. Ban san ta ba."

Gwiwar ta daina rawa. Wannan shi ne abin da Ludmila ba ta manta ba har ta mutu: ba ihu, ba kuka, gwiwar kawai ta tsaya cak kamar ta katako. Ta zagaye rigar da ƙyalle, ɗinki mai kyau, ƙanana, a jere, don hannunta bai iya mummunan ɗinki ba ko da zuciyarta na tafasa. Maza na ta tafa hannu. Ta ji ƙarar akwatin hoto. Da ta ciji zaren, ƙafafun suka juya suka tafi a hankali, ba wajen ruwa ba.

Washegari hoton ya fito. Fuskar Vlasta tar, kitsonta a kafaɗa, tana kallon ƙasa. A gabanta wata mata a durƙushe, ba a ganin komai nata sai malfa da baya da ƙasan takalma. Kafin azahar ofishin tarho sun sallami Vlasta, sun ce su 'yammata masu kamun kai suke ɗauka. Kafin la'asar matan unguwa sun cika ɗakin girkin Ludmila, wadda na gida ke kira Lida, kowa da jaridarta, wai jaje.

"Sannu, Lida. Yaran yanzu sai addu'a."

"Ni ba yarinyar ce ta ba ni haushi ba, wannan tsinanniyar mai malfar ce. Ko ba ta haihu ba ne?"

"Ina fa ta haihu! Wadda ta san zafin naƙuda ba za ta yi wa 'yar wani haka ba."

Ludmila ta zuba musu kofi, ta ce haka ne. Da bakinta ta ce haka ne. Vlasta tana ɗaki tana ji, ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya za ta faɗa ta gama da uwarta a Pilsen har abada, amma ba ta faɗa ba. Da matan suka watse ta fito da akwatinta, ta sumbaci ubanta a goshi, ta ce ta samu ɗaki wurin wata ƙawarta. Ta wuce uwarta kamar ta wuce kujera. A kan keken ɗinki ta bar baƙin ƙyallen, ta warware ɗinkinsa zare-zare ba tare da ta yaga ba, ta ninke shi tsaf.

Matej ya daɗe yana kallon jaridar a bakin taga. Can ya ajiye ta a cinya.

"Lida."

"Na'am."

"Ƙasan takalmin nan ni na buga shi. Ga ƙusar da ta karkace."

Bai ƙara komai ba, a ranar ko bayanta. Da ma ya zage ta, da ta samu inda za ta sa kanta. Kuma abin da ya fi ci mata rai, da safe ta tashi ta koma bakin tafki, ta ɗora malfa, ta ci gaba da awo har sanyi ya kori masu wanka, don dole a ci abinci. Sai dai daga ranar kowace gwiwa ta kama "daidai" ce. Madam Prouty har yabon kanta ta yi a gaban kwamiti, wai 'yammata sun shiryu.

Hunturu ya zo ya wuce, ba Vlasta. Ranar Kirsimeti Ludmila ta gasa dinya ta jera faranti uku, ta ɗauke ɗaya kafin Matej ya shigo. Ta rame. A coci takan zauna a layin baya, in an tambaye ta yarinyar sai ta ce tana lafiya, alhali ko titin da take ba ta sani ba. Ta lura dai kowace Asabar Matej yana goge takalmi ya fita, ya dawo yana ƙamshin man gashi na mata. Ta san ba wata ya samu ba, wa zai kwashi Matej? Amma ba ta da fuskar tambaya.

Shi ne ya gaji. Wata Asabar, da ƙanƙara ta narke, ya zauna bai goge takalmi ba.

"Bayana ke ciwo yau. Vlasta tana shagon gyaran gashi a titin Halsted, mai koren ƙofa. Na yi mata alkawarin kolaci." Ya kalli taga. "Kuma ni ban iya gasawa ba."

Ta gasa 'yan burodin zaƙin nan na gida, ta cika su da 'ya'yan itace irin yadda Vlasta ke so, ta rufe kwando da farin ƙyalle. A cikin tarago ta tsara komai. Yarinyar za ta ce ba ta san ta ba, kuma daidai ne, ita ta koya mata. Za ta amsa da cewa ta yi ɓatan ƙofa ne, ta ajiye kwando ta fita. Har wani sanyi ta ji a ranta da ta tuna haka, don in an rama, an yi ɗaya-ɗaya, ƙila ta samu ta yi barci.

Shagon cike yake maƙil. Garmaho na ta kiɗa, hayaƙin sigari da ƙaurin gashin da aka nana da ƙarfe mai zafi sun haɗu. Ludmila ta tsaya a bakin ƙofa, kai a ƙasa yadda ta saba. Kitso ne zube a daɓe, dogaye, baƙi da ja da ruwan zuma, ana share su kamar ciyawa. Ta bi ƙafafu da ido ɗaya bayan ɗaya, har ta ga waɗanda ta zo nema a bayan kujerar can ciki, safa a naɗe, tabo a waje.

Ba malfa a kanta, amma yadda take sunkuyar da kai da yadda ta rataya kwando suka tona ta. Wata mai jan-baki raɗau ta zabura daga kujera, rabin kanta a gyare.

"Kai! Ku tsaya! Wallahi Iya Allura ce!"

Shago ya ɗauka. Wannan ta ɗage siket tana miƙo gwiwa, waccan ta hau kan benci.

"Iya, zo ki auna, na ƙara yankewa!"

"Yau kuma gashi aka aiko ki ki liƙa mana?"

"Ku riƙe ta mu aske ta, mu ga ko inci nawa zai rage!"

Wata ta ɗage allurar garmaho. Mai shagon, wata doguwa da almakashi a hannu, ta taho tana ɗaure fuska.

"Baiwar Allah, nan ba bakin tafki ba ne. Wa kike nema?"

Ludmila ta ƙanƙame kwandonta. Maganar ɓatan ƙofar ta gudu. Idonta dai na kan gwiwar nan, har mai shagon ta bi inda take kallo.

"Vlasta, kin san ta ne?"

Ludmila ta rufe ido, ta miƙa wuya tana jira. Ta ji takun takalmi yana tahowa a kan gashin da ke daɓe, har ya tsaya a gabanta.

"Na san ta mana," in ji Vlasta, da Turanci, yadda na ƙarshen shago zai ji. "Mamata ce. Ke Dolly, sauko daga bencin nan ki ba ta wuri."

Ba wanda ya yi dariya. Mai jan-bakin ta saki siket ɗinta.

Ludmila ta zo da shirin mari, ta zo da shirin kora, ba ta zo da shirin wannan ba, kuma ya fi su zafi nesa ba kusa ba. Kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa. Kafin ta ankara gwiwoyinta sun fara lanƙwashewa za su kai ƙasa, don a gaban 'yammata irin waɗannan durƙuso kawai jikinta ya sani. Hannu biyu suka kama ta a damtse suka hana ta.

"A'a. Ba a nan ba," in ji Vlasta, wannan karon da harshen gida, a hankali. "Mama, kin ishe ni da kallon gwiwata. Ni ina nan sama."

Wuyan ya yi nauyi kamar ba nata ba, amma ta ɗaga. Kitson babu shi, gashin iya kunne, ga jan-baki, ga kwalli ya fara zuba. Yarinyar ta rame ita ma. Ludmila ta daɗe tana kallo, tana neman kalmar da za ta isa, ta rasa.

"Da na duba," ta ce da ƙyar. "Ranar nan. Da na ɗaga kai na duba."

"Na sani," in ji Vlasta. "Har kika ciji zaren ina jira."